Mary Anderson

Mary Elizabeth Anderson (an haife ta a ranar 19 ga watan Fabrairu, 1866, ta rasu a ranar 27 ga watan Yuni, 1953) 'yar kasuwa ce kuma mai ƙirƙira daga jihar Alabama ta ƙasar Amurka. An fi saninta da ƙirƙiro na'urar goge gilashin gaban mota, wadda direbobi da makanikai suke kira waifa. Gwamnatin Amurka ta ba ta takardar mallakar wannan fasaha mai lamba 743,801 a ranar 10 ga watan Nuwamba, 1903. Na'urar tata hannu ce mai ɗauke da roba a wajen gilashi, wadda direba yake motsawa daga inda yake a ciki, ba sai ya fito ko ya buɗe taga ba.

Anderson ta yi harkar gina gidajen haya a birnin Birmingham, ta kuma yi kiwon shanu da noman inabi a jihar Kalifoniya. Da harkar gidajen haya ta riƙe kanta har ƙarshen rayuwarta, domin ƙirƙirar da ta sa aka san sunanta ba ta kawo mata kuɗi ba. Lokacin da ta nemi mai saye, motoci ba su yawaita ba tukuna. Lokacin da suka yawaita kuwa, wa'adin takardar mallakarta ya riga ya ƙare. A shekarar 2011, shekaru 58 bayan rasuwarta, aka shigar da sunanta cikin zauren karrama manyan masu ƙirƙira na Amurka.

Asali da ƙuruciya

An haifi Mary Anderson a gandun Burton Hill da ke gundumar Greene, a yammacin jihar Alabama. Sunan mahaifinta John C. Anderson, mahaifiyarta kuma Rebecca Anderson. Tana da 'yar'uwa mai suna Fannie, wadda suka shaƙu ƙwarai har tsufansu.

An haife ta ne a lokacin da kudancin Amurka yake cikin babban sauyi. Yaƙin basasar ƙasar, wanda aka fara a 1861, ya ƙare a 1865, kuma a watan Disamba na wannan shekara aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 13 wanda ya haramta bauta. Ke nan watanni biyu da 'yan kwanaki ne tsakanin haramta bauta da haihuwarta. Gundumar Greene tana cikin yankin baƙar ƙasa mai albarkar noman auduga, inda kafin yaƙin manyan gandaye suka dogara da aikin bayi 'yan asalin Afirka. Bayan yaƙin tattalin arzikin yankin ya durƙushe, iyalai da yawa kuma suka fara barin karkara suna komawa birane.

Mahaifinta ya rasu a 1870, lokacin tana da shekara huɗu. Dukiyar da ya bari ita ce ta riƙe mahaifiyar da 'ya'yanta mata biyu tsawon shekarun da suka ci gaba da zama a gundumar Greene.

Birmingham da Kalifoniya

A shekarar 1889 Mary da mahaifiyarta da Fannie suka ƙaura zuwa Birmingham, a cikin jihar ta Alabama. Wannan birni ba shi ne Birmingham na Ingila ba, sunansa dai aka ara masa saboda fatan ya zama cibiyar masana'antu kamarsa. An kafa shi a 1871 a mahaɗar layukan dogo biyu, a wani wuri da Allah ya haɗa tama da kwal da farar ƙasa kusa da juna, wato abubuwa ukun da ake buƙata wajen narka ƙarfe. Saboda haka ya bunƙasa da sauri. Ƙidayar 1880 ta samu mutane kusan 3,000 a cikinsa, ta 1890 kuma ta samu sama da 26,000.

Garin da jama'a ke kwarara cikinsa haka yana buƙatar muhalli. Iyalin Anderson suka zuba kuɗinsu a wannan fanni, suka gina benen gidajen haya mai suna Fairmont a kan titin Highland. Wannan gini shi ne ya zama babban jarin Mary da kuma gidanta na shekaru masu yawa.

A 1893, tana da shekara 27, ta bar Alabama ta tafi Fresno a jihar Kalifoniya, can yammacin ƙasar. Fresno tana cikin kwarin San Joaquin, yankin da ya yi suna wajen noman inabi da busar da shi ya zama zabibi. A can ta gudanar da gonar kiwon shanu da gonar inabi na kimanin shekaru biyar. A wancan zamani ba kasafai ake ganin mace marar aure ta yi irin wannan nisa ita kaɗai don gudanar da gona ba.

Ta dawo Birmingham a 1898 domin jinyar wata tsohuwa daga cikin danginsu wadda ba ta da lafiya. Labarin da ake bayarwa game da wannan tsohuwa shi ne ta zo gidan da adakoki masu yawa da ba ta bari kowa ya ga abin da ke ciki. Bayan rasuwarta aka buɗe su aka tarar da zinariya da kayan ado masu daraja, kuɗin da aka samu daga gare su kuma ya ƙara wa iyalin wadata. Wannan wadata ce ta ba Mary damar yin tafiye-tafiye, ta kuma ba ta damar biyan kuɗin zane da ƙira da rajistar na'urarta daga aljihunta.

Tafiyar New York

A lokacin hunturun shekarar 1902 Anderson ta kai ziyara birnin New York. A zamanin, babban abin hawa na jama'a a cikin biranen Amurka shi ne taragon lantarki, wanda yake tafiya a kan layin dogo da aka shimfiɗa a tsakiyar titi. Direbansa yana tsaye ne a gaba, bayan tagar gilashi, yana kallon hanyar da masu tafiya a ƙasa da kekunan doki suke ta gittawa.

Ranar da ta shiga taragon ana ruwan sama haɗe da ƙanƙara. Irin wannan ruwa yana mannewa a jikin gilashi ya daskare, har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa. Gilashin gaban taragon kashi biyu ne da ake iya buɗewa. Direba yana da zaɓi biyu, kuma babu mai daɗi a cikinsu. Ko dai ya buɗe gilashin ya yi tuƙi iska mai sanyi da ƙanƙara suna dukan fuskarsa, suna kuma shiga kan fasinjojin da ke zaune a gaba, ko kuma ya riƙa tsayawa a kai a kai yana share gilashin da hannu, tafiya tana jinkiri. Anderson ta zauna tana kallon yadda direban yake fama, sai ta fara tunanin wata na'ura da za ta yi sharar daga waje alhali mai sarrafa ta yana ciki.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kowa ya san da ita, amma an ɗauke ta a matsayin wahalar da ke tattare da aikin tuƙi. Wasu direbobi sukan goga albasa ko ɗanyen dankali a jikin gilashi da fatan ruwa zai riƙa zamewa. Dabarar ba ta daɗewa, kuma ba ta yin komai ga dusar ƙanƙara.

Da ta koma Birmingham, Anderson ta ɗauki mai zane ya fitar mata da tsarin na'urar dalla-dalla, sannan ta ba wani kamfani na cikin garin aikin ƙera samfuri mai aiki. Ita ba injiniya ba ce, kuma ba ta aiki a masana'antar motoci ko ta jiragen ƙasa.

Na'urar da yadda take aiki

Anderson ta shigar da takardar neman rajista a ofishin mallakar fasaha na Amurka a ranar 18 ga watan Yuni, 1903, aka kuma amince mata a ranar 10 ga watan Nuwamba na shekarar. A takardar an bayyana abin a matsayin na'urar share taga ta taragon lantarki da sauran abubuwan hawa, wadda za ta kawar da dusar ƙanƙara da daskararren ruwa daga gilashi.

Na'urar tana da sassa kamar haka. Akwai mariƙi a cikin taragon, kusa da hannun direba. Mariƙin yana haɗe da wani sanda da ya ratsa jikin taga zuwa waje. A waje, sandan yana riƙe da hannu mai lilo wanda aka yi da katako aka sa masa roba. Idan direba ya ja mariƙin, hannun sai ya zagaya a kan gilashin kamar rabin da'ira yana share abin da ya taru, sifirin kuma ya mayar da shi inda ya taso. An sa wani nauyi domin daidaita hannun, yadda robar za ta zauna daram a jikin gilashin. An kuma tsara na'urar yadda za a iya kwance ta a ajiye idan hunturu ya wuce, don kada ta tare wa direba gani a lokacin da babu buƙatarta.

Abubuwa uku ne suka sa tsarin ya yi aiki. Na farko, roba tana da laushin da za ta bi jikin gilashi ta ture ruwa ba tare da ta karce shi ba. Irin robar da ke jure zafi da sanyi ta samu ne bayan da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa ta da farar wuta a 1844. Na biyu, dole matsin robar a kan gilashi ya zama daidai. In ya yi kaɗan sai ta tsallake ruwan, in ya yi yawa sai ta cije ta ƙi tafiya. Na uku, mai sarrafa na'urar yana ciki, saboda haka ba a buɗe taga, ba a kuma tsayar da tafiya.

Ba Anderson kaɗai ce ta yi tunanin share gilashin abin hawa a wannan zamani ba. George Capewell na jihar Connecticut ya nemi rajistar wata na'urar share taga tun a 1896. A 1903 Robert Douglass ya nemi rajistar na'urar share tagar kan jirgin ƙasa a Amurka, James Henry Apjohn kuma ya yi rajistar tasa a Birtaniya. Abin da ya sa ake yawan ambaton Anderson shi ne tsarinta, wato hannu mai lilo da roba da sifirin, shi ne ya fi kama da waifar da aka zo aka daidaita a kanta daga baya.

Ƙoƙarin sayar da fasahar

Takardar mallakar fasaha a Amurka a lokacin tana aiki ne na tsawon shekaru 17 daga ranar da aka bayar da ita. A cikin wannan wa'adi babu wanda zai ƙera ko ya sayar da abin sai da izinin mai shi. Idan wa'adin ya cika, fasahar ta zama ta kowa. Saboda haka mai ƙirƙira yana samun riba ne idan ya kafa masana'anta da kansa, ko ya sayar da haƙƙinsa, ko ya ba kamfani izini a riƙa biyansa, duk kafin shekarun su ƙare.

A 1905 Anderson ta rubuta wa kamfanin Dinning and Eckenstein na birnin Montreal a Kanada, tana neman su karɓi sayar da fasahar. Suka mayar mata da amsa cewa ba su ga darajar kasuwa a cikin na'urar da za ta sa su ɗauki nauyin sayar da ita ba. Akwai kuma masu ganin cewa hannun da ke kai da komo a gaban idon direba zai ɗauke masa hankali ya jawo haɗari.

Yanayin kasuwar motoci a lokacin yana bayyana dalilin wannan amsa. A 1900 motocin da aka yi wa rajista a duk faɗin Amurka kusan 8,000 ne kawai, kuma kayan masu kuɗi ne. Yawancinsu a buɗe suke, babu rufi, da yawa ma ba su da gilashin gaba. Direba yakan sa tabarau na kare ido da babbar riga, idan kuma hadari ya haɗu sai a ajiye motar a gida. An kafa kamfanin motoci na Ford a ranar 16 ga watan Yuni, 1903, kwana biyu kacal kafin Anderson ta shigar da takardarta. Motar Model T, wadda ta sa talaka ya iya mallakar mota, ba ta fito ba sai a 1908, layin haɗa motoci mai tafiya da ya karya farashinta kuma sai a 1913.

Daga nan abubuwa suka sauya da sauri. Zuwa 1920 motocin da ke kan titunan Amurka sun haura miliyan 8, mutane suna zuwa aiki da su ko ana ruwa ko ba a yi, masu rufi da gilashin gaba kuma suna ƙaruwa. A watan Nuwamba na wannan shekara wa'adin takardar Anderson ya cika. Shekaru biyu bayan haka, a 1922, kamfanin Cadillac ya fara sa waifa a motocinsa a matsayin kayan da mota ke fitowa da shi daga masana'anta, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Babu wanda doka ta wajabta wa ya biya ta ko sisi.

Masu nazarin tarihinta sukan ƙara da cewa matsayin mata a lokacin bai taimaka mata ba. Harkar injina da ta jari duk a hannun maza suke, kuma ita ba ta da wani kamfani a bayanta. Matan Amurka ba su samu haƙƙin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar ba sai a watan Agusta na 1920, watanni uku kafin takardarta ta ƙare.

Waɗanda suka biyo bayanta

Na'urar Anderson da hannu ake jan ta, wanda ke nufin direba yana tuƙi da hannu ɗaya a lokacin da hanya ta fi haɗari. Aikin waɗanda suka biyo baya shi ne su sa waifa ta motsa da kanta.

A 1917 wata mace, Charlotte Bridgwood, mahaifiyar 'yar wasan fim Florence Lawrence, ta yi rajistar waifa mai aiki da lantarki. Ita ma ba ta samu kasuwa ba. A wannan shekara John Oishei na birnin Buffalo a jihar New York ya kafa kamfanin da aka sani yanzu da Trico, bayan ya buge wani mai keke da motarsa cikin dare ana ruwa saboda rashin gani. Kamfanin ya fara da sayar da wata robar sharewa da ake turawa da hannu, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera waifa a duniya.

'Yan'uwa biyu a birnin Cleveland, William da Fred Folberth, sun ƙera waifa mai aiki da zuƙar iskar injin mota, kuma Trico ya sayi kamfaninsu a 1925. Irin wannan waifa ta yi shekaru da dama ana amfani da ita, sai dai tana da aibi. Idan direba ya taka totur sosai, kamar wajen hawan tudu ko wuce wata mota, zuƙar iskar tana raguwa, sai waifar ta yi sanyi ko ta tsaya cak. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ƙaramin injin lantarki na waifa a 1926, wanda gudunsa bai dogara da injin mota ba, kuma a hankali shi ne ya maye gurbin na iska. A 1936 Trico ya fito da na'urar fesa ruwan wanke gilashi.

Babban ci gaba na gaba shi ne waifa mai hutawa tsakanin shara da shara, wadda ta dace da yayyafi. Robert Kearns, wani injiniya a birnin Detroit, ya samu takardar mallakar irin wannan tsari a 1967. Ya nuna wa kamfanin Ford, daga baya kamfanin ya fito da waifa mai hutawa a motocinsa a 1969 ba tare da yarjejeniya da shi ba. Kearns ya kai ƙara, ya yi nasara a kan Ford a 1990 inda aka biya shi kimanin dala miliyan 10, ya kuma yi nasara a kan Chrysler a 1992. Sau da yawa ana kwatanta labarinsa da na Anderson. Bambancinsu shi ne an yi amfani da fasahar Kearns tun takardarsa tana da rai, don haka yana da abin kai wa kotu. Ita kuwa tata ta riga ta ƙare kafin kasuwar ta buɗe.

Waifa a yau

Waifar motar zamani tana da injin lantarki da ke juya wasu sanduna, su kuma su mayar da juyin ya zama kai da komo. Akwai sifirin a gindin kowane hannu da ke danna robar a jikin gilashi, aikin da Anderson ta tanadar wa sifirin da nauyi a tata na'urar. Wasu motocin suna da na'urar da ke gane saukar ruwa a kan gilashi ta kunna waifa da kanta.

Bakin waifa iri uku ne aka fi samu a kasuwa. Akwai mai ƙashin ƙarfe, wanda ke danna robar a wurare 'yan kaɗan, shi ne kuma mafi araha. Akwai marar ƙashi, wanda aka saka wa siririn ƙarfe mai lanƙwasa a cikin robar yadda matsin zai bazu daga farko zuwa ƙarshe, ya fi kuma dacewa da gilashi mai lanƙwasa. Na ukun ya haɗa tsarin biyun. Wajen zaɓe ana duba tsawo, wanda ake aunawa da inci ko milimita, da kuma irin maƙalar da ke bakin hannun. A motoci da yawa ta ɓangaren direba ta fi ta ɓangaren fasinja tsawo. Wadda ta yi tsawo da yawa takan bugi 'yar'uwarta ko gefen gilashi, gajeriya kuma takan bar wuri ba sharewa.

Roba tana lalacewa ko da ba a yi amfani da ita ba, domin zafin rana yana busar da ita ta yi tauri ta tsattsage. Ƙura da yashi kuma suna cinye bakinta. Alamomin lalacewa su ne barin layi-layi na ruwa a gilashi, da ƙara, da tsalle-tsalle a lokacin shara. Masu ƙera ta sukan ba da shawarar a sauya ta bayan watanni 6 zuwa 12. Goge bakin robar da jiƙaƙƙen ƙyalle yana ƙara mata kwana. Kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura yana karce gilashin, idan kuma robar ta yage har ƙarfe ya taɓa shi, zanen da zai bari ba ya goguwa.

Ruwan wanke gilashi haɗi ne na ruwa da sinadarin wanki da wani nau'in barasa, kamar metanol ko etanol, kuma galibi ana rina shi shuɗi. Sinadarin wankin yana narkar da maiƙo da gawar ƙwari, barasar kuma tana hana shi daskarewa. Zallar ruwa yana daskarewa a ma'aunin sanyi na 0, kuma a ƙasashe masu hunturu yana iya fasa tankin ko ya toshe bututun. Sabulun wanki na gida yana yawan kumfa, yana kuma barin dauɗar da ke toshe bakin fesawa. Metanol guba ce, shan ko kaɗan daga cikinsa yana iya makantar da mutum ko ya kashe shi, shi ya sa ake ajiye ruwan nesa da yara. Tankinsa daban yake da na ruwan sanyaya inji, kuma ba a zuba ɗaya a wurin ɗaya.

Ƙarshen rayuwa

Anderson ba ta yi aure ba. Ta ci gaba da zama a Birmingham tana kula da gidajen haya na Fairmont har tsufanta. Ta rayu ta ga waifa ta zama abin da kowace mota, da bas, da babbar motar ɗaukar kaya take fitowa da shi. Mabiyar addinin Kirista ce, kuma a lokacin rasuwarta ita ce mafi tsufa a cikin mambobin cocin South Highland Presbyterian da ke Birmingham.

Ta rasu a ranar 27 ga watan Yuni, 1953, tana da shekara 87, a gidan da take hutun bazara a garin Monteagle, a kan tsaunukan jihar Tennessee. An mayar da gawarta Birmingham, aka binne ta a maƙabartar Elmwood.

Martaba

Shekaru da yawa sunan Anderson bai fita sosai ba a wajen jihar Alabama. Ya sake fitowa ne a lokacin da masu rubuta tarihi suka fara bibiyar gudunmawar mata a fagen kimiyya da ƙere-ƙere. A 2011 aka shigar da ita cikin zauren karrama manyan masu ƙirƙira na Amurka, wanda aka kafa a 1973, wanda kuma gidan tarihinsa yake a harabar ofishin mallakar fasaha da ke Alexandria a jihar Virginia.

A yau ana kawo labarinta a littattafan yara da darussan makaranta a kan ƙirƙira, ana kuma kafa misali da shi wajen bayanin yadda wa'adin takardar mallakar fasaha yake shafar abin da mai ƙirƙira zai samu. Dokokin hanya na ƙasashe da dama sun wajabta wa mota mai gilashin gaba ta kasance da waifa mai aiki, kuma tana cikin abubuwan da ake dubawa wajen gwajin lafiyar mota. Ana amfani da ita a jiragen ƙasa, da jiragen ruwa, da jiragen sama.